Daga bencin baya ake gane ginin makaranta

Duk sa'ad da aka ce za a gina sabuwar makarantar sakandare, abin da ake fara nuna wa jama'a shi ne hoton da kwamfuta ta zana: doguwar ƙofar shiga, bangon gilashi yana ƙyalli, ciyawa kore shar, ɗalibai biyu ko uku suna tafe da jakunkuna kamar ba su da wata damuwa a duniya. Kusan kullum kuma daga waje ake ɗauko hoton, daga inda mai wucewa a mota zai hango ginin. To, ɗalibi dai ba a waje yake wuni ba. Yana can cikin aji a bencin baya, ƙarfe ɗaya na rana, ya shafe sa'a biyar yana shaƙar iskar da mutum talatin ko arba'in suka fitar, yana miƙa wuya ya hango allo, yana kasa kunne ya tsinci maganar malami a cikin hayaniyar ajin da ke jikin nasu. A ganina daga wannan benci ya kamata mai zane ya fara, ya yi ta fitowa har ya iso ƙofar shiga. Yawanci daga ƙofa ake farawa, kafin a kai bencin baya kuɗi da tunani duk sun ƙare.

Wannan magana tana da madogara. A shekarar 2015 masu bincike a Jami'ar Salford ta Ingila, ƙarƙashin Farfesa Peter Barrett, suka fitar da sakamakon nazarin da suka yi a azuzuwa 153 na makarantu 27, da yara 3,766. Sun gano cewa yanayin ɗakin aji kaɗai yana da alhakin kashi 16 cikin ɗari na bambancin ci gaban da yara ke samu a karatu cikin shekara guda, kuma kusan rabin wannan tasiri daga abu uku yake fitowa: haske, zafi ko sanyin ɗaki, da ingancin iska. Girman makarantar baki ɗaya da kayan alatun da ke cikinta ba su kama ƙafar waɗannan ba. Makarantun firamare suka duba, amma huhun ɗan sakandare da idonsa ba wasu daban ba ne.

Inda sakandare ta sha bamban da firamare shi ne wajen motsi. Ɗan firamare ajinsa guda ne, malaminsa ma sau da yawa guda. Ɗan sakandare kuwa yanzu yana lissafi, anjima yana ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, daga nan ɗakin kwamfuta, daga nan filin wasa. Ko a inda ɗalibai ke zaune malamai na zagayawa, akwai darussan da dole aji ya tashi ya je ya same su. Ka ɗauki makaranta mai ɗalibai 1,200: ƙararrawa na kaɗawa, yawancinsu za su fito lokaci guda, rabi sun nufi gabas rabi yamma, kuma minti biyar aka ba su. Shi ya sa gwanayen zanen makaranta ke neman jadawalin darussa kafin su ja layi ko ɗaya. Jadawalin ne ke faɗin ɗakunan kimiyya nawa ake bukata, wace matakala ce za ta sha cunkoso da ƙarfe goma, wane ɗaki ne zai wuni a kulle. Shi ne kuma ke nuna abin da ya kamata ya kusanci juna da abin da ya kamata a raba. Ɗakunan gwaje-gwaje ana jera su ne wuri guda, ko a ɗora wani kan wani, don bututun ruwa da na gas da magudana su bi hanya ɗaya gajera. Ɗakin koyon aikin katako da ƙarfe da ɗakin kiɗa a nesanta su da laburare. Babban zaure da ɗakin wasanni a ba su ƙofarsu ta daban, ta yadda za a iya buɗe su da yamma ko ranar hutu ba tare da an buɗe makarantar gaba ɗaya ba. Girma ma ba ɗaya ba ne: a ƙa'idar Ingila ajin mutum talatin murabba'in mita 55 ne ko sama kaɗan, ɗakin kimiyya na mutum talatin ɗin kuwa ya haura 80, domin ana tsaye ne ana kai-komo da wuta da sinadarai a hannu.

Bayan jadawali sai rana. Wannan ita ce shawarar da ba ta cin ko sisi a ranar da aka yanke ta, amma in aka kuskure ta an kuskure har ginin ya rushe, domin ba a juya gini. Ranar safe da ta yamma ƙasa-ƙasa suke, haskensu a kwance yake shigowa, ya ratsa taga ya bugi allo da idon ɗalibi, kuma rumfar da aka yi a saman taga ba ta tare shi. Ranar tsaka kuwa tana sama, ɗan tsawon baki na rufi ko baranda ya isa ya kare bango. Saboda haka, musamman a ƙasashe masu zafi, ake shimfiɗa dogon gini daga gabas zuwa yamma, tagogin aji su dubi arewa da kudu, gajerun bangaye marasa taga su karɓi ranar safe da ta la'asar. Sau nawa ake saɓa wannan don kawai ana so fuskar gini ta kalli titi? Sai a ƙare da azuzuwan da ake manna wa tagoginsu takarda ko a rataya labule, a kunna fitila da rana tsaka.

Haske kansa yana da iyakar inda yake kaiwa. Masu zane na ƙiyasta cewa hasken taga mai amfani yana shiga ɗaki kamar ninki biyu na tsayin saman tagar daga ƙasa. In saman taga na mita uku, hasken zai kai mita shida ya fara mutuwa. Aji mai faɗin mita bakwai ko takwas da taga a gefe guda, ke nan layin da ke jikin bango yana cikin duhu-duhu. Maganinsa taga a gefe biyu, ko ƙananan tagogi can sama kusa da silin. Tsawon taga zuwa sama ya fi faɗinta amfani.

Nan ne mutane ke ruɗewa su ɗauka yawan gilashi shi ne zamani. An gwada tun tuni. Makarantar sakandaren Hunstanton a gabashin Ingila, wadda Alison da Peter Smithson suka zana aka gama a 1954, ƙarfe ce da gilashi kusan zalla, kuma har gobe ana koyar da ita a makarantun zanen gini a matsayin aikin da ya buɗe sabon babi. Waɗanda suka zauna a cikinta kuwa abin da suka fi tunawa shi ne zafi da rani da sanyi da hunturu. Wannan a Ingila ke nan, inda rana ba ta da wani ƙarfi. Gilashi yana barin zafin rana ya shiga ya hana shi fita, daga nan sai a dogara da na'urar sanyaya ɗaki, ranar da wuta ta ɗauke ko na'urar ta lalace aji ya zama tanda. Zafi kuma yana cin karatu a zahiri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020, wanda ya bi sakamakon jarrabawar ɗaliban sakandare kimanin miliyan 10, ya nuna cewa a makarantun da ba su da na'urar sanyaya ɗaki, duk ƙarin kusan rabin digiri a matsakaicin zafin shekarar karatu yana rage kusan kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ɗalibi zai koya a shekarar.

In ana neman misalin wanda ya ɗauki wannan matsala da gaske, ni dai makarantar Lycée Schorge da ke Kudugu a Burkina Faso nake nunawa. Diébédo Francis Kéré ne ya zana ta, aka gama a 2016, shi ne kuma mutumin da ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya. Ɗakuna tara ya jera suka kewaye fili a tsakiya, suka ba iska mai ƙura baya. Bangon na jar marmara ne da aka yanko a yankin, dutse mai kauri da ke shanye zafin rana a hankali ya sake shi da dare lokacin da ba kowa a aji. Silin fari ne mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, yana watsa haske ko'ina ba tare da ƙyalli ba. A bayan azuzuwan akwai hasumiyoyi da iska mai zafi ke bi ta fice ta sama, tunda ɗabi'arta ke nan ta tashi, in ta fice kuma sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa ta maye gurbinta. Sannan ya kewaye ginin da shingen sandunan itacen turare, wanda ya ba bango inuwa ya kuma samar da wurin zama tsakanin aji da waje. Duk wani abu da ya ƙawata wannan makaranta a ido, in ka duba aiki yake yi. Ba ina cewa a kwafi siffarta a kai ko'ina ba. A ƙasar da ake ƙanƙara, bango mai riƙe ɗumi da taga mai gilashi biyu ko uku ake bukata. Abin kwaikwayo shi ne yadda ya fara da tambayar yadda ɗaki zai yi sanyi in babu wutar lantarki, ya bar siffa ta biyo baya.

Iska ba don sanyi kaɗai ake nemanta ba. Duk numfashin da aka fitar yana ƙara iskar kabon a ɗaki. A waje tana kusan 420 cikin miliyan. A aji mai mutum talatin da tagogi a rufe, kafin a gama darasi na biyu tana iya haura 2,000, kuma a nan ne ake fara hamma da gyangyaɗi da ciwon kai, malami ya ɗauka lalaci ne. Ƙa'idar makarantun Ingila ta ce matsakaicinta a wuni kada ya wuce 1,500 a ajin da ke dogaro da taga, ko 1,000 a wanda inji ke hura masa iska. Taga a bango guda ba ta wadatar ba, sai iska ta sami mashiga da mafita a ɓangarori biyu. Wannan ne ya sa tsarin da aka fi so don arha, wato dogon lungu a tsaka da azuzuwa dama da hagu, yake da wahalar sha'ani: kowane aji bango ɗaya kawai ke kallon waje.

Sai dai kuma duk ƙofar da ka buɗe wa iska, ka buɗe wa ƙara. A nan aikin yake zama ciniki, a ba da wani abu a karɓi wani.

Muryar malami a mita ɗaya kusan desibel 60 ce, a ma'aunin ƙarfin sauti. A fili, duk ninka tazara sai ta ragu da shida: 54 a mita biyu, 48 a mita huɗu, 42 a mita takwas, wato wajen bencin baya. Don yaro ya ji magana sarai ana so muryar ta ɗara hayaniyar da ke kewaye da kamar 15. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar da ke cikin aji ta wuce 35, kuma amsa-kuwwa ta mutu cikin kimanin sulusi biyu na daƙiƙa ko ƙasa da haka. Yanzu ka duba ajin da aka kira na zamani: tayil a ƙasa, gilashi a gefe, kankare ko siminti mai sulɓi a sama. Ba abin da ke shanye sauti. Kalmar farko ba ta gama mutuwa ba ta biyu ta hau kanta, malami ya ɗaga murya, amsa-kuwwa ta ƙaru, ya tashi da shaƙewar maƙogwaro. Babba yana iya cike gurbin kalmar da ta kuɓuce masa domin ya san zancen. Ɗalibin da yau ya fara jin sunan wani sinadari, ko wanda ake koyar da shi da harshen da ba nasa ba, in rabin kalma ta ɓace masa ta ɓace ke nan. Silin mai shanye sauti da ɗan allon laushi a bangon baya suna gyara mafi yawan wannan, kuma su ne abin da ake fara sokewa in kuɗin kwangila ya fara ƙarewa, tunda ba sa fitowa a hoto.

Sauti ne ma ya kayar da wata babbar bidi'a. A shekarun 1960 da 1970 an yi ta gina makarantu marasa bangon aji a Amurka da Ingila, fili guda ƙato da rukunoni da yawa suna karatu lokaci guda, da nufin a saki ilimi daga kurkukun aji. Ba a jima ba malamai suka fara jera kabad da allo suna yi wa kansu katanga, daga baya aka kira magina suka mayar da bangayen. Tunanin bai mutu ba. Makarantar Ørestad da ke babban birnin Denmak, wadda kamfanin 3XN ya zana aka buɗe a 2007, kusan ɗaki guda ce mai hawa-hawa da ƙatuwar matakala tana murɗawa a tsakiya, rufaffun azuzuwa kaɗan ne. Amma ɗalibanta 'yan shekara 16 zuwa 19 ne, an tsara koyarwar ne don wannan gini, an kuma kashe tunani mai yawa a kan kayan shanye sauti. Wanda ya kwafi hoton ya bar tsarin koyarwar, hayaniya kawai ya gina. Abin da ya fi dacewa da yawancin makarantu shi ne aji mai ƙofa da ake rufewa, da ƙananan wurare a kusa da shi inda mutum biyar ko shida za su keɓe su yi aiki tare malami yana hango su.

Wannan ya kawo mu wajen aji, inda matashi ke yin rabin rayuwarsa ta makaranta. Herman Hertzberger, mai zanen gini na ƙasar Holan, ya shafe shekaru yana jayayya da masu ɗaukar lungu da matakala a matsayin asarar fili. A makarantunsa matakala faffaɗa ce, ana hawa ana kuma zama a kanta, ta zama dandali da wurin taro. Yana da gaskiya: ɗan shekara goma sha biyar yana son wurin da zai zauna da abokai, ya ga mutane su gan shi, in ba a ba shi ba zai nema wa kansa a bayan gini. Cin zali kuma inda ido ba ya kaiwa yake faruwa, ƙarƙashin matakala, ƙarshen lungun da ba ya ɓullewa, da banɗaki. Akwai ɗaliban da ke ƙin shan ruwa wuni guda don kada su shiga banɗakin makaranta. Sabon tsari shi ne a yi kowane makewayi da bango da ƙyaure daga ƙasa har sama, wurin wanke hannu kuwa a bar shi a buɗe ana hango shi daga hanya, a rarraba su ƙanana-ƙanana kusa da azuzuwa maimakon guda ƙato a can gefe. Ofisoshin malamai ma a warwatsa su, kowane hawa da babba a kusa. Ga kuma ɗalibi mai lalurar ƙafa da ke tafiya a keke: gangaren da zai iya hawa da kansa, duk mita ɗaya na tsayi yana cin mita 12 na tsawo, ke nan bene mai tsayin mita 3.6 gangarensa ya haura mita 43, ban da wuraren hutawa. Ko dai a sa na'urar hawa bene da za a iya kula da ita, ko a tabbatar laburare da ɗakin kimiyya ko da ɗaya suna ƙasa.

Dokokin ƙofa da matakala kuwa da rayuka aka saye su. A Collinwood ta jihar Ohayo a Amurka, a 1908, yara 172 suka mutu a gobarar makaranta, yawancinsu a turmutsitsi a gindin matakala inda mafita ta ƙuntata. A 1958 a birnin Shikago wuta ta tashi a ƙasan matakalar wata makaranta, hayaƙi ya bi ramin matakalar kamar bututu ya cika hawa na sama inda babu ƙofar da za ta tare shi, yara 92 da malamai mata uku suka rasu. A 2001 a sakandaren Kyanguli ta Kenya ɗalibai 67 suka mutu a ɗakin kwana, ƙofa ɗaya a kulle, tagogi da ƙarafuna. Daga irin waɗannan aka koyi cewa kowane wuri ya kasance da mafita biyu a ɓangarori daban-daban, ƙyaure ya buɗe waje da turi ɗaya ba tare da makulli ba, matakala a killace ta da ƙofar da ke jure wuta. Matsalar ita ce tsaro yana jan akala zuwa ɗaya ɓangaren: ƙofa ɗaya, kwaɗo, ƙarfe a taga. A Amurka tsoron masu harbi ya kai har an gina wata sakandare a Fruitport ta jihar Mishigan da lunguna masu lanƙwasa don kada mai bindiga ya hangi nesa, wanda kuma ke nufin malami ma ba ya hangen nesa. Sulhun da ya fi ma'ana shi ne mashiga ɗaya da ake tsaro, mafita da yawa da ba sa buɗuwa daga waje amma ko yaro zai tura su daga ciki.

Ƙashin ginin shi ma yana da nasa haɗari na musamman, domin aji ɗaki ne mai faɗi, bangon ciki kaɗan, tagogi dogaye. Girgizar ƙasar Sichuwan ta ƙasar Sin a 2008 ta zo ana tsakar darasi, ɗalibai fiye da 5,000 suka mutu ko suka ɓace a lissafin gwamnati. A Ingila kuma, ana saura kwanaki a koma hutu a 2023, aka umarci makarantu sama da ɗari su rufe gine-ginen da aka rufa da wani kankare mara nauyi mai kumfa a ciki, wanda aka yi yayinsa daga shekarun 1950 zuwa 1990 saboda arha da saurin aiki. Shi ma a zamaninsa kayan zamani ne.

Abin da ake tallatawa da sunan zamani, su majigi da allon taɓawa da ɗakin kwamfuta, su ne mafi gajeren rai a cikin ginin. Gini na shekara hamsin ne ko fiye, na'ura ta shekara biyar ce zuwa goma. Makarantu da yawa sun gina ɗakunan kwamfuta da tebura a kafe, yau kowane ɗalibi da tasa a jaka. Abin da mai zane zai yi wa na'urar da bai san ta ba tukuna shi ne ya ɗora nauyin ginin a kan ginshiƙai, bangon tsakanin azuzuwa ya zama wanda za a iya cirewa a haɗa biyu ko a raba ɗaya, wayoyi da bututu su bi hanyar da ake buɗewa ba sai an fasa kankare ba, soket ya wadata, a kuma bar gefen da za a ƙara gini in ɗalibai sun ƙaru ba tare da an toshe wa tsofaffin azuzuwa iska ba.

Na taɓa shiga wani aji a sabuwar makaranta da aka yi wa tagogin sama masu kyau, daidai yadda littafi ya ce, don zafi ya riƙa ficewa. Duk a rufe suke, ƙura ta yi musu kauri. Na tambayi malamar ajin, ta nuna mini da baki: mariƙin yana sama da mita uku daga ƙasa, sandar buɗe shi kuma guda ɗaya aka kawo wa hawan gaba ɗaya, ta ɓace tun zangon farko. Yaran da ke layin baya suna ta fifita da littattafansu.